Malam Uwaisu Tela da Saniyar da Ya Ƙi Kwancewa

Idan ka bi ta bakin kasuwar Gwarzo da hantsi, za ka ga wani ɗan shagon ɗinki mai ƙofar langa-langa, da keken ɗinki irin na ƙafa, da wata waya rataye a ƙusa cikin 'yar jakar da aka ɗinka mata da ragowar shadda. Mai shagon shi ne Malam Uwaisu. Daga Madadi yake tahowa kullum a kan tsohon babur ɗinsa. Kafin ya sa zare a allura sai ya sauko da wayar nan, ya gyara zaman tabarau, ya shiga sauraron saƙonni. Akuya ja mai 'ya'ya biyu ta ɓata a Dugabau. An tsinci jaki a gonar wani a bayan Kabo. Ya amsa wa kowa, ya mayar da wayar ƙusa, sannan ya taka keke. Bayan azahar ya sake sauko da ita, bayan la'asar ma haka. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan aiki, babu wanda ya ɗauke shi, babu kuma wanda ya taɓa biyansa.

Shi ne shugaban Zauren Cigiya, dandalin nan na WhatsApp da mutanen Gwarzo da Kabo ke sanar da dabbar da ta ɓata ko wadda aka tsinta. Yau zauren ya cika ya batse har an buɗe na biyu. Da aka fara shi mu goma sha biyu ne, ni Badaruddeen malamin firamare ni ne na bakwai da aka saka, kuma ina alfahari da wannan lamba kamar wata sarauta.

Bana abubuwa biyu suka haɗe wa Malam Uwaisu. Na farko ido. Yanar ido ta rufe masa na hagu, na dama ma ya fara hazo-hazo, har ya sanar da mu zai sauka ya miƙa zauren ga Sharfaddeen, abokin tafiyarmu tun ranar farko. Na biyu saniyarsa Laraba, wadda ita kaɗai ta rage masa daga jinin garken mahaifinsa. Ta tsinke igiya ta bi wani garke mai wucewa, aka tsince ta a Masanawa, aka ɗaure a gidan mai unguwa. Mai unguwa ya ce kwana arba'in zai iya riƙe ta, daga nan zai miƙa ta ga hukuma, sai kuma abin da Allah ya yi. Malam Uwaisu ya san tasa ce. Mu ma mun sani. Amma ya ce ba zai kwance ta ba, domin dokar da ya kafa da bakinsa ta hana shi.

A kwana na talatin da uku muka taru a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar shagonsa, mu takwas daga cikin mutanen farko. Biyu sun rasu, Allah ya jiƙansu, biyu kuma neman abinci ya kai su nesa. Sunan taron ban kwana, amma ni da niyyar faɗa na je, don taurin kan mutumin nan ya kai mini iya wuya.

Ba a bar ni na fara ba. Baba Jalo, tsohon makiyayi daga Dugabau wanda yanzu ya zauna ya rungumi noma, shi ya buɗe hira.

"Yaran yanzu suna kwance a ɗaki saƙo ke shigo musu," in ji shi. "Ni a lokacin sai na hau surin nan na bayan gidana, na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, sannan sabis ya zo. Wata rana ina kai maƙwabcina ya wuce ya ce, Jalo, lafiya dai? Na ce lafiya lau, cigiya nake jira."

Aka yi dariya. Sharfaddeen ya tuna mana cewa a cikinmu duka wayoyi uku ne kawai ke ɗaukar hoton da za a iya bambanta akuya da tunkiya. Hajiya Zinnira, mace ɗaya tilo a cikin mutanen farko, mai kiwon raguna a gidanta na cikin Gwarzo, tana zaune gefe a kan tabarmarta, ta ce ita abin da ba ta manta ba shi ne saƙon muryar Baba Jalo na farko: minti huɗu cif yana gaisuwa, ya gaida kowa da sunansa, ya tambayi iyali da gona da gajiya, saƙon ya ƙare bai faɗi wace dabba ce ta ɓata ba.

Daga nan hira ta gangara kan ragon Inna Uwaliya, dariya kuma ta ɗauke. Wannan labari shi ne tushen komai, don haka bari in ba da shi dalla-dalla.

A shekararmu ta farko, ana saura mako biyu babbar salla, aka tsinci wani rago a Kabo. Murna ta ɗebe mu, muka watsa hotunansa gaba da baya, hagu da dama, har tabon da ke ƙafarsa ta gaba ya fito fes. Washegari wani mutum ya zo, ya siffanta ragon tun daga ƙaho har wutsiya, bai bar ko tabon ba. Aka damƙa masa, har da yi masa barka. Bayan kwana biyu sai ga Inna Uwaliya, wata dattijuwa daga Dugabau da ba ta da waya, ta taho a ƙafa saboda maƙwabta sun ba ta labari. Shekara guda tana kiwon ragon nan. Mutumin kuwa ko ƙurarsa ba a sake gani ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu muka karanta masa amsa kafin jarrabawa.

Malam Uwaisu bai ce wa kowa komai ba. Da safe ya kwance ragon layyarsa, ya ja shi har ƙofar gidan Inna Uwaliya. Shekarar nan bai yi layya ba, sai naman da maƙwabta suka aiko. Ba daga bakinsa muka ji ba, ita ce ta riƙa bin gida-gida tana faɗa.

Bayan salla ya kafa doka. Wanda ya tsinci dabba kada ya saka hoto a zaure, ya turo wa shugaba shi kaɗai. Shugaba zai ɓoye alama ɗaya, tabo ne ko tsagar kunne ko ɗigon baƙi a inda ido ba ya saurin kaiwa, sannan ya fitar da sauran. Duk mai cewa tasa ce sai ya faɗi alamar da aka ɓoye. Rantsuwa ba ta maye gurbinta, shaidar dangi ma haka. A lokacin bai iya yanke hoto a waya ba, sai ya yi abin da ya iya: ya ɗora ƙyalle a kan fuskar wayarsa daidai wurin alamar, ya ari wayar Sharfaddeen ya ɗauki hoton hoton. Watanni muka yi muna ganin awaki sanye da atamfa a gindi. Mun tsokane shi har mun gaji, amma daga ranar ba a sake karɓe dabbar wani da daɗin baki ba.

Dokar ba ta san babba ba. Akwai wani Alhaji da ya zo da shaidu shida a kan wani bijimi, ya kasa faɗar alama, Malam Uwaisu ya ba shi haƙuri cikin ladabi ya hana. Alhajin ya yi wata uku ba ya amsa sallamarsa. Ashe bijimin na wani bawan Allah ne daga Masanawa, wanda ya zo shi kaɗai da silifa ɗaya a tsinke, ya faɗi alamar tun kafin a gama tambaya.

To ga inda dokar ta juyo ta kama mai ita. Da Laraba ta ɓata, Malam Uwaisu ya saka cigiyarta kamar ta kowa. Bayan kwana biyar Muhammad Nur, wani mai lambu a Masanawa, ya same ta tana cin ganyen dankalinsa, ya ɗauki hotuna huɗu ya turo wa shugaba yadda doka ta ce. Shugaba ya buɗe kamar kullum. Kafin idonsa mai hazo ya gane wace ce, ya riga ya duba huɗun. Babu wanda ya taɓa tunanin ranar da mai ɓoye alama zai zama mai cigiya. Ya shaida wa zaure gaskiya a take. Da yawa suka ce ya je ya kwance kayarsa kawai. Sai wani cikin sababbin shiga ya rubuta: "To ai admin shi ke ganin hotuna. Kowace dabba ya ga dama tasa ce." An yi masa ca, ya goge, amma Malam Uwaisu ya riga ya sa an karanta masa.

Tun daga ranar, duk Juma'a bayan an sauko sai ya ɗaura buhun dusa da damin harawa a bayan babur ya nufi Masanawa. Ya ba ta ta ci, ya shafa wuyanta, ya juyo gida shi kaɗai.

Da na samu sarari a taron nan, sai na zube abin da ke cikina.

"Malam, wannan fa ba gaskiya ba ce, taurin kai ne. Duk Madadi an san saniyar nan. Iyalinka ta san alamar. Saura kwana bakwai."

"Malam Badaru," ya ce, yana goge tabarau da gefen riga, "iyalina gida ɗaya muke kwana. Wa zai ce ban faɗa mata ba? Mun hana Alhaji da mutum shida. In na karɓa da shaidar gidana, da wane baki Sharfaddeen zai hana wani gobe?"

Baba Jalo ya ce, "Ai da ta hango ka kuka take yi. Na gani da idona."

"Baba, duk wanda ya zo mata da dusa za ta yi masa kuka."

"To sai ka bari ta tafi? Jinin shanun Malam babba?"

Malam Uwaisu ya mayar da tabarau a idonsa. Sannan ya ce, "Wallahi ina son saniyar nan. Ranar da babana zai rasu, uwarta ya nuna mini ta taga. Amma ita guda ɗaya ce. Mutanen da ke cikin zauren nan sun fi dubu, kuma yawancinsu akuya ɗaya ce dukiyarsu."

Raina ya ɓaci, ina kuma jin kunyar kaina. Don a sassauta zaman ne Sharfaddeen ya ce, "Wannan mutum da ma haka yake. Kun manta shekarar da ya kori kansa?"

Wa zai manta. Akwai wata doka tun ta farko: zauren na cigiya ne kawai, duk wanda ya saka wani abu daban, wa'azi ne ko siyasa ko tallan takin zamani, za a fitar da shi kwana uku. Ni kaina sau biyu ana fitar da ni, sau ɗaya a kan sakamakon ƙwallo. A shekara ta biyu, wata ranar Laraba da hantsi, sai ga hoto daga shugaba da kansa, ba cigiya ba, ba tsintuwa ba, ya rubuta a ƙasa: "Alhamdu lillahi, ta sauka lafiya." Murna ce ta kwashe shi, saniyar babansa ta haihu. Ba a yi minti goma ba ya dawo hayyacinsa, ya ba da haƙuri, ya roƙi kowa ya goge hoton daga wayarsa, domin a lokacin ba a iya janye saƙo in ya tafi. Ya miƙa wa Sharfaddeen riƙo, ya fice da kansa, sai da kwana uku suka cika ya yarda aka mayar da shi. A shekara goma sha ɗaya, laifinsa ke nan guda ɗaya.

Muna cikin dariya Hajiya Zinnira ta ce, "Ni fa ban goge ba."

Muka juya gaba ɗaya.

"A lokacin ban iya gogewa ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Da na iya, sai na ga 'yar maraƙar ta yi mini kyau." Ta zaro wayarta daga jaka, wadda aka ɗaure bayanta da roba. "Waya huɗu na canja, amma memori ɗin nan ɗaya ne. Duk wanda zai saka mini sabuwa sai na ce ya mayar mini da shi."

Mun sha tsokanarta a kan wayar nan da ba ta taɓa samun fili, kullum tana kukan ta cika. Ranar babu wanda ya tsokane ta. Ta miƙa wa Sharfaddeen, ya yi ta ja da yatsa, ya wuce raguna, ya wuce bukukuwan suna, ya wuce awaki masu atamfa. Ya kusa rabin sa'a yana nema. Sannan ya tsaya.

Ga Malam Uwaisu a tsugune, gemunsa baƙi wuluk, babu tabarau, yana dariyar da ban taɓa ganin ya yi irinta ba. A gabansa Laraba ce tana 'yar maraƙa fara, kwance a kan gefenta, jikinta bai gama bushewa ba, ƙafarta ta baya a miƙe. A cikin cinyarta ta hagu ga ɗigon baƙi uku, a jere kamar duwatsun murhu.

Sharfaddeen ya ce, "Malam, wannan ba bakinka ba ne, ba na iyalinka ba. Hoto ne da ya shiga zaure shekara goma da suka wuce, mu takwas nan shaida ne. Gemun nan ma shaida ne."

Malam Uwaisu ya kawo wayar dab da idonsa na dama, ya daɗe yana kallo. Abin da ya fara cewa shi ne, "Hajiya, ai na ce a goge."

"Ka ce," in ji ta. "Sai ka fitar da ni kwana uku."

Washegari da safe muka ɗunguma Masanawa. Aka gaisa da mai unguwa, an kwana lafiya, ya iyali, ya jama'a, ya zafi, ya haƙuri da baƙuwa. Aka kira Muhammad Nur mai lambu. Sharfaddeen ya miƙa wa mai unguwa wayar Hajiya, Baba Jalo ya dafa saniyar ya yi mata magana a hankali, ya ɗaga ƙafarta ta baya. Malam Uwaisu ya tsaya can nesa, hannuwansa a baya, kamar wanda ya zo rakiya.

"Ni idona ba ya kaiwa," ya ce. "Ku faɗa mini tsakaninku da Allah."

Mai unguwa ya dubi waya, ya sunkuya ya dubi saniya, ya sake duban waya. "Uku a nan, uku a can. Malam, zo ka kwance kayarka."

Ya kasa warware ƙullin, sai da Muhammad Nur ya taya shi. Na kawar da kai, don ban so ɗalibaina su ji labarin an ga malaminsu yana share ido a bainar jama'a. Aka ce a nemo mota, ya ce a'a, da ƙafa ta zo, da ƙafa za ta koma. Shi da Baba Jalo suka sa ta a gaba suna tafe suna hutawa. Da la'asar saƙon muryarsa ya shigo zaure, da irin kalmomin da ya saba rufe cigiyar kowa: "Salamu alaikum jama'a. Saniya fara ta Madadi, an samu. A rufe cigiyarta." Shi ne saƙonsa na ƙarshe a matsayin shugaba.

Malam Uwaisu, yanzu da kai nake. Kai ne ka kai ragon layyarka gidan tsohuwa a kan kuskuren da mu goma sha biyu muka yi tare. Kai ne ka ɗinka wa zauren nan doka, ka sa ta a jikinka yadda ka sa wa kowa. Tela mai auna kansa da ma'aunin da yake auna mutane. Na kira ka mai taurin kai a gaban jama'a, ban janye ba, sai dai yanzu na gane taurin kan nan ne ya sa matar da ke da akuya ɗaya a Dugabau take kwana da sanin cewa babu mai kuɗi ko mai baki da zai raba ta da ita. Ina alfahari da cewa na zauna zaure ɗaya da kai. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa aikin da za a yi maka bayan salla ya zo da sauƙi, ya albarkaci Laraba da abin da za ta haifa.

Ku kuma masu riƙe da zauruka a wayoyinku, na unguwa da na makaranta da na 'yan kasuwa, shugabanci ba saka mutum da fitar da shi ba ne. Ku je bakin kasuwar Gwarzo ku ga wanda ya yi kwana talatin da huɗu yana kai wa saniyarsa harawa a gidan wani don kada a ce doka ta tsallake shi. Sharfaddeen ya riga ya ɗauki darasi: yanzu shugabanni biyu ne, in dabbar ɗaya ta ɓata, ɗayan ke buɗe hotuna.

Na san wannan rubutu ba cigiya ba ne, ba kuma tsintuwa ba. Duk da haka zan saka shi a zaure yau bayan azahar, kowa ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa. Sharfaddeen, kada ka ji nauyina, ka fitar da ni kwana ukun. Hajiya Zinnira, ke kuma kada ki goge.